Na manyanta, amma ina son shiga Man O' War in riƙa horar da yara: tambayoyi da amsoshi

Kusan duk Asabar, in mun tashi daga fareti a filin firamaren unguwarmu, sai an sami wani magidanci da ya daɗe a gindin darbejiya yana kallonmu ya matso ya ce, "Malam, don Allah mu da muka manyanta ana ɗaukarmu kuwa?" Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda.

Wai Man O' War ɗin nan reshen soja ce?

A'a, ƙungiyar aikin sa-kai ce mai horar da matasa, ko da yake kaki da fareti da ƙamewa suna sa a zaci haka. Sunan ma na wani wuri ne, Man O' War Bay, wani lungun teku kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Can wani Bature, Alec Dickson, ya buɗe sansanin horar da matasa a 1951, lokacin da Turawan Ingila ke mulkin yankin haɗe da Nijeriya. Salon ya samo shi daga makarantar Outward Bound da su Kurt Hahn suka kafa a Wales a 1941: a kai matashi dutse ko ruwa, a sa shi abin da yake ganin ya fi ƙarfinsa, a haɗa shi da waɗanda ba yarensu ɗaya ba, har ya gane ba zai tsallake ba sai da su. Da Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Kamaru a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, aikin ya dawo cikin Nijeriya, sunan kuma ya biyo shi. Yau cibiyar gwamnatin tarayya mai horar da 'yan ƙasa kan shugabanci, wadda aka fi sani da CLTC, ita ke sa ido kan ƙungiyar, ƙarƙashin ma'aikatar matasa. Takenta shi ne a gina mutum, a gina al'umma.

Duk wanda ya yi hidimar ƙasa ya san 'yan Man O' War. Su ne masu sa mutum hawa igiya da rarrafe ƙarƙashin waya a makonni 3 na sansani, a bar shi da ciwon cinya da hoton tunawa.

Ka ce aikin sa-kai ne. Irin na 'yan sa-kai kenan?

Kalmar ce ta lalace a bakinmu. A Zamfara da Katsina da ka ce ɗan sa-kai, mai bindigar toka da ke shiga daji za a hango. Nan ba shi ake nufi ba. Ana nufin ka ba da lokacinka don kanka, ba wanda ya tilasta maka, ba kuma albashi. Makami ba ya cikin tsarin ko kaɗan.

Na haura 40, ga tumbi. Ban makara ba?

Ba ka makara ba. Samari masu jini a jika da za su yi gudu da yara ba su taɓa yi mana ƙaranci ba. Wanda muke nema ruwa a jallo shi ne babba mai natsuwa da zai riƙe rajista, ya san wane yaro ne bai zo ba yau kuma me ya hana shi, ya iya tsayawa a ƙofar gidan mutane ya yi sallama da uban yaro har a saurare shi. Ɗan shekara 22 ba ya samun wannan shimfiɗar, komai kyan kakinsa. Amma in kana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa, ka ga likita tukuna, kuma ka faɗa wa masu horarwa tun ranar farko. Ɓoyewa don kada a raina ka ita ke kayar da mutum a tsakiyar fili.

Ta ina zan fara?

Kada ka fara da ɗinka kaki. Nemi reshen da ya fi kusa da kai, a makarantar sakandare ko kwaleji ko jami'a ko ofishin ƙungiyar na jiha, ka je Asabar uku ko huɗu da kayan gida ka tsaya kallo. Abin lura shi ne yadda kwamandan wurin ke magana da yaron da ya fi kowa ƙanƙanta, da abin da yake yi in wani ya kuskure hagu da dama. Daga nan za ka san ko wurin zama ne. Sai ka tabbatar shugabannin jiha sun san da reshen, domin akwai masu tara yara su ɗinka musu riga su laƙaba wa kansu muƙami. Ka tanadi hotuna, da shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar lafiya, da wani babba irin mai unguwa ko limami ko shugaban makaranta da zai tsaya maka. Duk kuɗin da ka bayar, na fom ne ko na kaki, ka karɓi rasit.

Horon yana da wuya?

Akwai wuya, amma ba irin ta kuratan Depo na Zariya ba. Cibiyar CLTC tana da makarantu a wurare daban-daban, kowace da irin ƙasar da take: ta teku a Apapa, ta kurmi a Aluu ta jihar Ribas, ta hamada a Fika ta jihar Yobe, ta duwatsu a Kwatarkwashi ta jihar Zamfara, sai wadda ta fi suna a wajenmu, ta tsaunukan Shere kusa da Jos. Tsaunin ya haura mita 1,800, kuma wanda ya je da hunturu ba ya mantawa. Usur zai tashe ka tun assalatu, yatsunka sun ƙage, ruwan alwala kamar ƙanƙara. Ana hawa dutse, ana sauka da igiya, ana koyon taswira da taimakon gaggawa. Akwai wata katanga da mutum ɗaya ba zai iya haurawa ba sai wani ya ba shi kafaɗa wani ya jawo shi daga sama. A gindinta na ga wani mai babban muƙami a wurin aikinsa ya tsuguna, wani yaro sa'an ɗansa ya taka masa kafaɗa da takalmi mai laka. Ya miƙe yana karkaɗe riga yana dariya. Wannan katangar ita ce darasin duka, sauran ƙari ne.

Ana biya?

Ba a biya. Kai ne ma za ka riƙa kashewa: kuɗin mota, man takalmi, ruwan leda, wani lokaci har kuɗin ƙosan yaron da ya fito gida bai karya ba. In an gayyace ku tsara jama'a a wani taro ana iya ba da ɗan abin shan ruwa, amma wanda ya ɗora tukunyar gidansa a kan wannan zai kwana da yunwa.

To zai buɗe min hanyar aikin soja ko ɗan sanda?

Ba ya ba kowa gurbi. Soja da 'yan sanda suna da nasu sharuɗɗan shekaru da tsawo da takardu, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya shigar da kai ta wannan ƙofar ɗan damfara ne. Abin da matashi zai samu shi ne jiki ya saba da wahala, ƙafa ta saba da fareti. Mu tuna da Peace Corps, wata ƙungiyar matasa masu kaki ta nan Nijeriya: matasa da dama sun shiga da fatan za ta zama hukumar gwamnati mai albashi, sai Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a kan dokarta a 2018.

Kakin fa, yana ba ni ikon kama mai laifi?

Ikonka daidai yake da na kowane farar hula. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba bayan wadda ake da ita. Ba ka da hurumin tare hanya, ko cajin aljihun mutum, ko shiga rikicin bashi don wani ya ɗauko ka ka tsorata abokin faɗansa. Kuma ka nisanci yadin soja mai ɗigo-ɗigo, domin an hana farar hula saka shi, sojoji kuma ba sa wasa da wannan.

Yara ba sa ji sai da bulala. Za a bar ni in hora su?

Nan ne nake saɓawa da abokan aikina da yawa. Akwai mai horarwa da shi kansa an gasa masa aya a hannu lokacin yana ƙarami, sai ya ɗauka ramawa a kan na baya ita ce tarbiyya: tsallen kwaɗo a rana tsaka, birgima a kwata, mari don an makara minti 5. Na ga ƙarshen wannan. Wata Asabar cikin zafin Afrilu aka sa wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare zagaye fili saboda belinsa ya karkace. A zagaye na uku ya zube. Muka kai shi inuwa, muka kwance masa bel da takalmi, muka yi ta masa fifita da murfin kwali, da ya farfaɗo muka ba shi ruwan gishiri da sukari a hankali. Ashe tun tuwon dare bai sa komai a cikinsa ba, kunya ta hana shi faɗa. Bai sake dawowa ba, kuma ƙannensa biyu da ke shirin shiga su ma aka hana su.

Tun daga ranar, kafin a busa usur sai na bi layi ina tambaya, "Wa bai karya ba?" Da farko ba mai ɗaga hannu. Sai ka koyi duban leɓe da ido. Horo yana nan: wanda ya makara shi zai tattara kaya bayan an tashi, wanda ya yi rashin kunya a sauke shi daga jagorancin layi. Yaro yana jin zafin sauke shi a gaban sa'o'insa fiye da bulala goma.

Iyaye suna ɗari-ɗari da barin 'ya'yansu kwana a sansani. Me zan ce musu?

Suna da gaskiya, kada ka ji haushi. A Birtaniya, inda rundunar yara 'yan kadet ta soja ke ɗaukar masu shekara 12 zuwa 18, babba ba ya fara aiki da su sai hukuma ta binciki tarihinsa ko ya taɓa aikata laifi. Mu a nan yawanci shaidar mutane muke dogara da ita, don haka dole ka kafa wa kanka shinge. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ko da ya fi ka tsawo. Kada ka keɓe da yaro kai kaɗai a ɗaki ko tanti. Kada ka riƙa tura masa saƙo a waya da dare; abin da za ka faɗa, faɗa wa iyayensa. Kowace tafiya a sami izinin uba ko mai riƙo a rubuce, da lambar wayarsa, da bayanin ko yaron yana da asma ko sikila ko farfaɗiya. In uba ya tambaye ka, "Wa zai kwana da su?" ka ba shi sunayen manya biyu, ba ɗaya ba. In kuma yaro ya kawo ƙarar wani babba, ko da amininka ne, kada a rufe maganar da sunan kare mutuncin ƙungiya.

Ni mace ce. Akwai wurina?

Akwai, Hajiya, har ma an fi bukatarki. Reshen da ba shi da babbar mace bai kamata ya ɗauki 'yan mata zuwa ko'ina ba, kuma iyaye mata sun fi sakin jiki in ke kika je gida neman izini. Maganar hijabi da yanayin kaki ki yi ta da shugabannin reshen tun kafin a auna ki.

Ina cikin 'yan agajin masallacinmu. Sai na bari?

Ba sai ka bari ba. Mai agajin Jama'atu ko Fityanu ko Izala, da ɗan sikawut, da wanda ya taso a Boys' Brigade ta coci, duk sun riga sun iya tsayuwar layi da tsara jama'a. Matsalar lokaci ce kawai. Ranar Idi ko babban wa'azi kowane ɓangare zai neme ka, don haka ka faɗa wa shugabanninka biyu tun da wuri wace riga za ka saka a irin wannan rana.