Mece ce FPS a wasannin kwamfuta?

Duk wanda ya fara buga wasannin faɗa a kwamfuta, irin waɗanda ake yaƙi da dodanni da takobi da sihiri, ba zai jima ba zai ji ana tambaya: "FPS nawa kake samu?" Abin da ake nufi shi ne yawan hotunan da kwamfuta ke zanawa ta nuna a sikirin cikin sakan ɗaya. Motsin da ake gani a wasa hotuna ne tsayayyu da ke bin juna da sauri har ido ya ɗauka abin tafiya yake. Da waɗannan haruffa uku kuma ake kiran wasannin harbi da ake kallo ta idon jarumin, amma wannan zance ne daban.

Fim ɗin silima yana tafiya da hoto 24 a sakan, kuma ba mai ƙorafi. To me ya sa ɗan wasa zai raina 30? Saboda an riga an ɗauki fim an gama, naka kallo ne kawai. A wasa kuwa, kwamfuta ce ke zana kowane hoto nan take bisa maɓallin da ka danna. A kan FPS 30, tsakanin hoto da hoto akwai kusan milisakan 33 (milisakan 1000 ne sakan ɗaya). A kan 60 ya koma kusan 17, a kan 120 kuma kusan 8. A wasa kamar Sekiro, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2019, inda dole ka tare saran abokin gaba daidai lokacin da takobinsa ke saukowa, wannan ɗan jinkirin na iya zama sanadin a kashe ka. Hannunka ya yi daidai, amma abin da idonka ya gani ya riga ya wuce.

Mafi yawan nauyin yana kan katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hotuna, irin na kamfanin Nvidia ko AMD ko Intel. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ce ke lissafa inda kowane dodo yake da abin da zai yi, katin kuma ya zana. Idan ɗayansu ya gaza, ɗayan sai ya tsaya jira. Girman hoton ma yana da tasiri sosai: 1080p na da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da miliyan 2, shi kuwa 4K ya ninka wannan sau 4. Ga inuwa, ga hayaƙi, ga walƙiyar sihiri da ke cika sikirin, shi ya sa FPS ya fi faɗuwa a tsakiyar babban faɗa, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

A ganina nan ne mutane da yawa ke kuskure: suna bin babbar lamba. Wasan da ke tsaye cak a kan 45 ya fi daɗin bugawa a kan wanda ke tsalle daga 90 zuwa 35 ya dawo. Kamar mota ce a kan hanya, tafiya a natse ta fi gudu da birki. Matsakaicin lissafi yana ɓoye waɗannan cijewar, don haka masu gwada kwamfuta suke duba kashi 1 cikin 100 na hotunan da suka fi jinkiri. Wannan lambar ce ke gaya maka yadda wasan zai kasance a hannu.

Sikirin ma yana da iyakarsa. Wanda yake 60Hz sau 60 kaɗai yake sabunta hoto a sakan, ko da katinka na fitar da 200. Idan suka saɓa, sai ka ga hoton ya tsage gida biyu. Saitin V-Sync, wanda ke sa katin ya jira sikirin, na magance wannan amma yana ƙara jinkiri, G-Sync da FreeSync kuwa suna sa sikirin ya bi saurin katin. Wasu wasannin kuma masu yin su ne suka sa iyaka: Elden Ring na 2022 ba ya wuce 60 a kwamfuta komai ƙarfinta.

Idan kwamfutarka na ja da ƙyar, fara rage inuwa da girman hoto kafin ka yi tunanin sayen sabuwa. DLSS na Nvidia da FSR na AMD suna zana hoton a ƙarami sannan su faɗaɗa shi, kuma suna taimakawa ƙwarai. Sai dai a yi hattara da tsarin da ke ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakani: lamba za ta hau, ido zai ga santsi, amma wasan ba zai ƙara saurin amsa maɓalli ba. Mai laftof ya jona ta da wuta lokacin wasa, ya kuma bar wa fankarta hanyar iska, domin idan ta yi zafi da kanta take rage gudu. Steam, dandalin saye da buga wasannin kwamfuta, na da ma'aunin FPS a cikin saitinsa, kunna shi ka duba lambar a tsakiyar faɗa, ba lokacin da jaruminka ke tsaye shi kaɗai ba.