Rawar Kammala Sakandare A Amurka: Me Doka Ta Ce Kan Ɗalibai Masu Neman Jinsi?

A makarantun sakandaren Amurka akwai wata rawa da ake yi gab da bikin yaye ɗalibai, suna ce mata prom. Kowa yakan caɓa ado, ya zo da abokin rakiyarsa. To idan saurayi ya zo da saurayi, ko budurwa da budurwa fa?

Tun 1980 kotu ta amsa wannan tambaya. Aaron Fricke, ɗalibi a garin Cumberland da ke jihar Rhode Island, ya nemi izinin zuwa da namiji, shugaban makarantar ya hana, yana mai cewa tsoron tashin hankali yake ji. Tsoron kuwa ba na banza ba ne, don wani ɗalibi ya naushi Fricke a fuska har sai da aka yi masa ɗinki biyar. Duk da haka alƙalin kotun tarayya Raymond Pettine ya ce zuwan nasa hanya ce ta bayyana ra'ayi, kuma gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka ya kare wannan 'yanci. Bayan hukuncin, makarantar ta tanadi tsaro, ba ta sake hana yaron zuwa ba. A ganina nan ne zuciyar dokar take: mai dukan ne za a tsawatar wa, ba wanda aka daka ba.

Sutura ma ta shiga ciki. A 2010, a jihar Mississippi, Constance McMillen ta so zuwa da budurwarta, sanye da kwat ɗin maza. Hukumar makarantun gundumar Itawamba ta soke rawar baki ɗaya. Alƙali ya ce an tauye mata haƙƙi, ko da yake bai tilasta a dawo da rawar ba. Daga baya aka sasanta, aka biya ta dala 35,000. Haka ake kallon kayan ranar yaye ɗalibai: makarantar gwamnati da ta ce mace dole sai doguwar riga tana iya tsintar kanta a kotu.

Amma a lura, kundin tsarin mulki hannun gwamnati yake ɗaurewa. Makarantun kuɗi da na addini ba su shiga wannan hukunci ba. A can dokar jiha da ƙa'idar makarantar ake dubawa.