Rikicin Kuɗin Katangar Iyaka da Rufe Gwamnatin Amurka (2018 zuwa 2019)

Rikicin kuɗin katangar iyaka taƙaddama ce da aka yi tsakanin Shugaba Donald Trump da 'yan jam'iyyar Democrat a majalisun Amurka kan kuɗin gina katanga a iyakar ƙasar da Meziko. Ita ce ta jawo rufe wani ɓangare na gwamnatin tarayya na kwana 35, daga 22 ga Disamba 2018 zuwa 25 ga Janairu 2019, sannan aka shafe mako uku ana tattaunawa don kada a sake rufewa. A lokacin, wannan ne rufewa mafi tsawo a tarihin ƙasar, don ya zarce na kwana 21 da aka yi a 1995 zuwa 1996 zamanin Bill Clinton. Sai a 2025 aka sami wanda ya fi shi, na kwana 43.

Abin da ake nufi da rufe gwamnati

Tsarin mulkin Amurka ya danƙa jakar kuɗi a hannun majalisa: ba a fitar da ko sisi daga baitulmali sai da dokar da ta ware shi. Shekarar kuɗi tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, kuma ana raba kasafin hukumomi zuwa ƙudurori 12. Idan ranar ta zo ba a gama ba, majalisa kan zartar da kasafin wucin gadi na 'yan makonni. In shi ma ya ƙare ba a sabunta ba, dole hukumar da abin ya shafa ta tsayar da aiki, in ban da ayyukan kare rai da dukiya. Wannan tsattsaurar fassara ta samo asali ne daga ra'ayin doka da Antoni Janar Benjamin Civiletti ya bayar a 1980 da 1981. Kafin nan hukumomi kan ci gaba da aiki suna jiran majalisa. Mai karatu a Najeriya zai ga bambanci a nan, domin sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ya yarda shugaban ƙasa ya ci gaba da kashe kuɗi har wata shida kafin a amince da kasafi. Amurka ba ta da wannan kafa.

Tushen rikicin

Iyakar Amurka da Meziko ta kai kimanin kilomita 3,145, kuma kafin zuwan Trump akwai shinge a kusan kashi ɗaya bisa uku nata. Tun a yaƙin neman zaɓen 2016 ya yi alkawarin gina katanga, ya ce Meziko ce za ta biya, Meziko kuma ta ce atafau ba za ta biya ba. Da aka zo ƙarshen 2018 sai ya nemi majalisa ta ware dala biliyan 5.7. 'Yan Democrat suka ce katanga ɓarnar kuɗi ce, gara a sa kuɗin a na'urorin bincike a mashigun iyaka da ƙarin jami'ai.

Ranar 11 ga Disamba, a gaban kyamarori a ofishinsa, Trump ya shaida wa jagororin 'yan Democrat, Nancy Pelosi ta Majalisar Wakilai da Chuck Schumer na Majalisar Dattawa, cewa zai yi alfahari da rufe gwamnati saboda tsaron iyaka, kuma ba zai ɗora musu laifin ba. Wannan magana ta bi shi har ƙarshen rikicin. Ranar 19 ga wata Majalisar Dattawa ta amince da kasafin wucin gadi ba tare da kuɗin katanga ba, ana zaton zai sa hannu. Washegari, bayan magoya bayansa sun yi masa ca a kafafen yaɗa labarai, ya ce ba zai sa ba. Majalisar Wakilai, wadda 'yan Republican ke riƙe da ita a lokacin, ta saka biliyan 5.7 ɗin a ƙuduri, amma a Majalisar Dattawa ana buƙatar ƙuri'a 60, su kuwa kujera 51 gare su. Da tsakar daren 21 ga Disamba kuɗin ma'aikatu tara ya yanke, ciki har da na tsaron cikin gida, shari'a, sufuri, noma da baitulmali.

Kwana 35

Ma'aikata kusan 800,000 abin ya shafa. Kimanin 380,000 aka ce su zauna a gida, wasu 420,000 kuma aka tilasta musu zuwa aiki babu albashi. A cikin waɗannan na biyu har da jami'an sintirin iyaka, mutanen da ake cewa saboda aikinsu ake rigimar. Ranar 11 ga Janairu da yawa suka karɓi takardar albashi da sifili a kanta. Ranar 15 ga wata dakarun tsaron gaɓar teku kimanin 42,000 ba su ga albashi ba, saboda su a ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida suke, ba ta Tsaro ba.

A nan ne nauyin rikicin ya sauka, kan mutanen da ba su da ta cewa a ciki. A titin Pennsylvania, tsakanin Fadar White House da ginin majalisa, ƙungiyar World Central Kitchen ta mai dafa abinci José Andrés ta buɗe wurin rabon abinci kyauta, ma'aikata suka riƙa yin layi cikin sanyin hunturu, kowa da katin shaidar aiki a hannu. Masu binciken kaya a filayen jirgin sama, waɗanda albashinsu ba shi da yawa, suka fara ƙauracewa aiki, har ya kai wata rana ɗaya cikin goma bai zo ba. Kotunan shige da fice sun ɗage dubun dubatar shari'u. An zartar da doka ranar 16 ga Janairu da ta tabbatar wa ma'aikatan gwamnati za a biya su bashin albashinsu, amma ba ta haɗa da ma'aikatan 'yan kwangila ba, irin su masu shara da masu gadi, kuma su ne suka fi kowa rauni.

A fagen siyasa kuwa an yi ta kai ruwa rana. 'Yan Democrat sun karɓi Majalisar Wakilai ranar 3 ga Janairu, Pelosi ta zama kakaki. Trump ya yi tayin ba matasan da aka shigo da su ƙasar suna yara kariyar shekara uku idan aka ba shi kuɗin katanga, aka ƙi. Ranar 24 ga wata ƙudurori biyu suka faɗi a Majalisar Dattawa, na Trump da ƙuri'a 50, na 'yan adawa da 52. Washegari ƙarancin jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama ya sa aka dakatar da jiragen da za su sauka a filin LaGuardia na New York. A ranar nan Trump ya sa hannu kan kasafin mako uku, babu ko dala ta katanga. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta asarar tattalin arziki a dala biliyan 11, wadda biliyan 3 daga ciki ba za ta dawo ba.

Tattaunawar Fabrairu

An kafa kwamitin haɗin gwiwa na mutum 17 da wa'adin 15 ga Fabrairu. Jagororinsa huɗu tsofaffin hannu ne a harkar kasafi: Sanata Richard Shelby da Sanata Patrick Leahy, sai Nita Lowey da Kay Granger daga Majalisar Wakilai. Abin da ya kusa wargaza zaman ba katangar ba ce, yawan gadajen tsare baƙin haure ne. 'Yan Democrat sun so a ƙayyade adadin waɗanda ICE, hukumar da ke aiwatar da dokokin shige da fice, za ta tsare daga cikin ƙasa zuwa 16,500, 'yan Republican suka ƙi, tattaunawa ta cije a ƙarshen mako. Daren 11 ga Fabrairu aka janye wannan buƙata, aka daidaita.

Yarjejeniyar ta ware dala biliyan 1.375 don shinge na mil 55, kimanin kilomita 88, a kwarin Rio Grande na jihar Texas. An sharɗanta a yi amfani da irin shingen da ake da shi tun da, na sandunan ƙarfe, kuma an hana gini a wasu wurare, kamar gandun namun dajin Santa Ana da tsohuwar majami'ar La Lomita. Adadin bai kai biliyan 1.6 da kwamitin kasafin Majalisar Dattawa ya riga ya amince da shi tun watan Yunin 2018 ba, wato wata shida kafin a hana kowa albashi. Ranar 14 ga Fabrairu dattawa suka amince da ƙuri'a 83 da 16, wakilai da 300 da 128.

Dokar ta-ɓaci

Trump ya sa hannu ranar 15 ga Fabrairu, a ranar kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a iyakar kudu, ya ce da ita da wasu dokokin zai ɗebo kuɗi daga wasu aljihunan: biliyan 3.6 daga gine-ginen soja, biliyan 2.5 daga asusun yaƙi da miyagun ƙwayoyi na Ma'aikatar Tsaro, da miliyan 600 daga kadarorin da baitulmali ya ƙwace. Jihohi 16 ƙarƙashin jagorancin California suka garzaya kotu. Majalisun biyu sun kaɗa ƙuri'ar soke dokar ta-ɓacin, har sanatocin Republican 12 suka bi 'yan adawa, da hujjar cewa shugaba ya taka ikon majalisa kan kuɗi. Ranar 15 ga Maris Trump ya hau kujerar na-ƙi, karo na farko a mulkinsa. A watan Yulin 2019 Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 da 4, ta bari a ci gaba da kashe biliyan 2.5 ɗin yayin da ake shari'a. Dokar ta-ɓacin ta ci gaba da aiki har 20 ga Janairu 2021, ranar da Joe Biden ya hau mulki ya soke ta, ya kuma dakatar da ginin.