Garin ƙashi ba na 'yan tsaki ba ne

Masu kiwon kaji a gida da dama sun ɗauka in aka zuba wa 'yan tsaki garin ƙashi ko abincin kaji masu ƙwai, ƙafafunsu za su yi ƙwari. Ba haka ba ne. Kaza mai saka ƙwai na buƙatar kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai, kusan kashi 4 cikin 100 na abincinta, don ɓawon ƙwai ɗaya kan ci kimanin giram 2. Ɗan tsako kuwa kashi 1 ya ishe shi. Rarar kalsiyam ɗin da ke cikin garin ƙashi ko abincin masu ƙwai ƙodarsa take wahalarwa, in ya mutu aka feɗe shi, sai ka ga wani fari kamar alli ya lulluɓe zuciya da hanta. Gara ka daka busasshen ɓawon ƙwai ka ajiye a kasko daban, masu ƙwai su tsattsaga da kansu.