Ƙungiyar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Gombe: Ina Kuɗin, Kuma Yaya Ake Faɗaɗa Aiki?

Ga asibiti, me ya kawo ƙungiya?

Asibitin Koyarwa na Tarayya yana cikin garin Gombe, amma jihar ƙananan hukumomi 11 gare ta. Mutumin Nafada ko Shongom da ɗansa ya fara sambatu ya daina barci, kafin ya haɗa kuɗin mota da na magani, an riga an zaga da yaron wajen masu magani, wani lokacin har da mari a ƙafa. Ga kuma shaye-shaye: binciken da aka yi a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna fiye da mutum miliyan 14 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya.

Daga ina kuɗi zai fito?

Takardu tukuna: rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, sai shaidar SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, wadda banki kan nema kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu.

Tallafin ƙasashen waje yana da kauri, sai dai bai da nisan zango. Shekara ɗaya ko biyu, a yi bita, a raba riguna da huluna, a ɗauki hoto, a rufe. Mai taɓin hankali kuwa maganinsa na kullum ne, ran da ya yanke sai a koma gidan jiya. Shi ya sa a ganina kuɗin gida, ko da kaɗan ne, ya fi riƙe aiki: karo-karon wata-wata daga 'yan kasuwa, ko wani bawan Allah ya ba da shago waƙafi a riƙa karɓar haya. Wasu kan sayo magani sari, su sayar da ɗan rangwame, kuɗin ya koma a sake sayowa.

Zakka fa?

Mutum takwas Suratut Tauba ta ambata, matalauci mara lafiya yana ciki. Batun biyan albashi ko man mota da ita kuwa, a tuntuɓi malamai.

Faɗaɗawa na nufin gina sabon asibiti?

A'a, gini shi ne na ƙarshe. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP, na koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, su yi abin da za su iya, su tura mai tsanani gaba. Ka horar da malamar asibiti guda a Dukku, ka rage wa gidaje da yawa tafiya. A Zimbabuwe ma tsofaffin mata aka koya wa sauraron masu damuwa, a kan benci a harabar asibiti.

Doka tana goyon baya?

Tana yi. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Kwafinta na da amfani a jaka ranar da za ku je ma'aikatar lafiya neman a ara muku ɗaki guda a asibitin sha-ka-tafi.