PDF Portfolio

PDF Portfolio wani nau'in fayil ne na PDF da ke ɗauke da wasu fayiloli a cikinsa, kowanne yana nan yadda aka yi shi. A kundi guda ana iya samun takardar Word, da jadawalin Excel, da hotuna, da saƙonnin imel, da wasu PDF ɗin, ba tare da an haɗe su sun zama takarda ɗaya ba. Kamfanin Adobe na Amurka ne ya fito da shi. Abin da aka fi saninsa da shi a wurin masu aiki da takardu shi ne rashin tabbas wajen buɗewa: mutum uku za su buɗe kundi ɗaya da manhaja uku, kowa ya ga abu daban, wani ma ya ga shafi guda tak ya ɗauka babu komai a ciki.

Asali

Adobe ya fitar da tsarin PDF a 1993, kuma alkawarin da ya sa duniya ta karɓe shi shi ne takarda za ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta. Tun ƙarshen shekarun 1990 ana iya maƙala fayil a jikin PDF, kamar yadda ake maƙala shi a imel. A 2006, da Acrobat 8, wato fitowa ta takwas ta manhajar Adobe mai haɗa PDF, ya fito tare da PDF 1.7, aka ƙara hanyar tara fayiloli da yawa a jera su da sunayensu da kwanan watansu, aka kira wannan PDF Package. Acrobat 9 na 2008 ya sauya sunan zuwa Portfolio, ya kuma kawo ado: shafin maraba, da kan shafi mai tambarin kamfani, da launuka, da salo iri-iri na nuna fayilolin, wani a jere, wani yana juya su, wani yana ɗora su a kan hoto. Acrobat X na 2010 ya zo da nasa salon na dabam.

Yadda aka gina shi

Kundin kashi uku ne. Akwai fayilolin da aka cusa a ciki. Akwai ɗan bayanin da ke gaya wa manhaja cewa wannan tarin takardu ne, ga yadda za a jera su, ga wadda za a fara nunawa. Sai kuma shafin bango, wanda shi kaɗai ne ainihin shafin PDF ɗin. Ana iya kwatanta shi da ambulan da aka cika da takardu aka yi rubutu a bayansa: wanda ya iya buɗewa zai ga takardun, wanda bai iya ba rubutun bayan kawai zai karanta.

Shafin bangon da Acrobat ke sakawa da kansa ɗan gajeren saƙo ne, yana shawartar mai karatu ya buɗe kundin da Acrobat ko Adobe Reader, manhajar Adobe ta karanta PDF, sabon fitowa. Lauyoyi da ma'aikatan ofis da yawa sun san wannan shafi sarai, don shi ne abin da wanda aka aika wa kundin yake bugo waya yana cewa shi kaɗai ya gani.

Dalilin bambancin

Tushen matsalar shi ne adon da aka kawo a 2008 da Flash aka gina shi, wato fasahar Adobe ta nuna hotuna masu motsi da ƙananan manhajoji. Salon nunin ƙaramar manhaja ce ta Flash da ake cusawa a cikin kundin, kuma sai mai buɗewa yana da abin kunna Flash kafin ta yi aiki. Wannan bai shiga ma'aunin ISO 32000-1 ba, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa da aka gina a kan PDF 1.7 a shekarar 2008 ɗin. Ƙari ne na Adobe shi kaɗai a kan ma'aunin. Don haka sauran kamfanonin da ke yin manhajar karanta PDF babu abin da ya tilasta musu bin sa, kuma yawancinsu ba su bi ba.

Ko a gidan Adobe ɗin ma abin bai daidaita ba. Reader 7 da waɗanda suka gabace shi shafin bango suke nunawa, fayilolin kuma sai an neme su a gefen da ake ganin abubuwan da aka maƙala. Reader 8 yana gane tarin, amma jeri kawai yake nunawa babu ado. Acrobat 9 da X suna ɗauke da Flash a jikinsu, su ne ke nuna kundin da cikakkiyar kwalliyarsa. Daga Acrobat XI na 2012 aka raba su, sai mutum ya saka Flash Player da kansa. Acrobat DC na 2015 ya rage wa mai haɗa kundi yawancin zaɓin ado. A watan Yuli na 2017 Adobe ya sanar zai daina tallafa wa Flash, ya kuma daina a ranar 31 ga Disamba 2020. Yau Acrobat jerin fayiloli yake nunawa da wurin duba kowanne. Duk wahalar da wani ya sha a 2010 wajen zaɓen launi da tsara shafin maraba, wanda ya buɗe kundin yanzu ba zai ga ko ɗaya ba.

Fayilolin da ke ciki ba sa lalacewa saboda wannan. Suna nan daram. Hanyar kaiwa gare su ce ke toshewa a wasu manhajojin. Firefox, manhajar shiga intanet, yana nuna su a jerin abubuwan da aka maƙala. Preview na kwamfutar Mac da manhajojin waya da yawa a shafin bango suke tsayawa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ciwo a wuraren da waya ce kwamfutar yawancin mutane, kamar ƙasar Hausa, inda takardar aiki kan iso ta WhatsApp a buɗe ta nan take a waya. Fayil mai nauyin megabait talatin da ya nuna shafi ɗaya alama ce babba cewa kundi ne, akwai kaya a ciki.

Amfaninsa

Duk da haka tsarin yana da fa'idar da haɗe takardu wuri guda ba ta da ita. Kowane fayil yana riƙe da sa hannunsa na lantarki da kalmar sirrinsa. Idan aka haɗe PDF biyar masu sa hannu suka zama ɗaya, sa hannun ya tashi daga aiki, alhali a kundi yana nan da ƙarfinsa. Jadawalin Excel yana riƙe da lissafinsa. Lauyoyi sun yi amfani da shi sosai wajen kwashe saƙonnin manhajar imel ta Outlook, inda kowane saƙo ke zama fayil mai zaman kansa, ana iya jera su bisa sunan mai aikawa ko kwanan wata. Injiniyoyi da masu neman kwangila su ma sun riƙe shi don tara zane da ƙididdiga da wasiƙa a wuri ɗaya.

Sai dai shafukan karɓar takardu ta intanet ba sa shiri da shi. Na'urar da ke karɓa takan ɗauki shafin bango ta bar sauran, shi ya sa wasu kotuna da hukumomin ba da tallafin bincike a Amurka suke gargaɗin kada a turo musu kundi, a turo PDF na gama-gari. Mai neman aiki ko gurbin karatu da ya tura shaidunsa a kundi yana iya rasa damarsa bai san dalili ba, kuma wannan asara ce da ta fi ƙarfin laifinsa.

Ma'auni da adana tarihi

PDF 2.0, wato ISO 32000-2 da ya fito a 2017 aka sabunta shi a 2020, ya riƙe tsarin tarin fayiloli amma ya bayyana salon nuninsa ba tare da dogaro da Flash ba. A ɓangaren adana takardu na dogon zamani, wanda ke da nasa ma'aunin mai suna PDF/A, PDF/A-1 na 2005 ya hana cusa fayil kwata-kwata, PDF/A-2 na 2011 ya yarda a cusa PDF/A ɗan'uwansa, PDF/A-3 na 2012 kuma ya buɗe ƙofa ga kowane irin fayil. A kan na ƙarshen ne Jamus da Faransa suka gina takardar neman biyan kuɗi ta lantarki, ZUGFeRD da Factur-X, inda mutum ke karanta shafin, kwamfuta kuma ta karanta fayil ɗin XML da ke ciki, wato bayanan da aka tsara don na'ura ta karanta.

Wanda yake da tsofaffin kundaye, abin da masu adana takardu ke yi shi ne su buɗe su da Acrobat ko Reader a kwamfuta, su fitar da fayilolin ɗaya bayan ɗaya zuwa folda, su ajiye su tare da jerin sunayensu da kwanan watansu. Wajen aikawa kuwa, idan babu sa hannun lantarki da ake son karewa, ana haɗe takardun su zama PDF ɗaya mai alamomin babi. Idan akwai, ana tura su a fayil ɗin ZIP ko a maƙala kowanne daban.