Ma'anar "visual novel": ba kowane labari mai hoto ne ya ci wannan suna ba

Sau uku cikin mako guda na ji ana maganar "visual novel", kuma kowa da abin da yake nufi. Na farko a rediyo ne, a wani shirin matasa na yammacin Asabar. Mai gabatarwa ya ce marubutanmu sun shiga zamanin "visual novel", alhali abin da yake nufi shi ne bidiyon nan da ake ɗorawa a YouTube, murya tana karanta littafin Hausa, hotunan da kwamfuta ta zana suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu wata marubuciya ce ta tallata littafinta da wannan suna saboda ta sa hoto a farkon kowane babi. Na uku ɗan yayata ne. Ya leƙo abin da nake karantawa a kwamfuta, ya ce, "Kawu, ai wannan gem ɗin malalata ne, dannawa kawai ake yi." Maganarsa ta fi ta sauran kusa da gaskiya, ita ce kuma ta fi tsaya mini a rai.

Abin da kalmar ke nufi ba shi da wuyar faɗi. Manhaja ce da ake buɗewa a kwamfuta ko waya ko na'urar gem. Rubutu ya fito a allo, layi ɗaya ko biyu, a bayansa hoton wuri, a gabansa zanen mai magana, kiɗa na tashi a hankali tare da ƙarar ruwan sama ko takun ƙafa. Ka karanta, ka danna, wani layi ya fito. In ba ka danna ba, labarin ya tsaya cak yana jiranka, ko da kwana za ka yi. Wannan jiran shi ne ya raba ta da bidiyon da ɗan rediyo yake magana a kai. Bidiyo ba ya jiran kowa. Ka tashi ɗauko ruwa, ka dawo ka tarar an yi aure an haihu.

Asalin sunan ma ya isa ya warware rabin ruɗanin. A Japan abin ya taso. A 1992 kamfanin Chunsoft ya fitar da Otogirisou, labarin ban tsoro, a kan na'urar Super Famicom ta Nintendo. Rubutu ne ya cika allon, hoton baya kuwa ɗan kaɗan ne, amma akwai tsawa, akwai kukan ƙofa in an turo ta, akwai shirun da ke zuwa kafin wani abu ya faru. Sai suka kira shi "sound novel", wato nobel mai sauti, suka kuma yi wa sunan rajista ya zama nasu. A 1994 suka sake fitar da Kamaitachi no Yoru, inda mutanen cikin labarin ba su da fuska ko kaɗan, inuwa ce shuɗiya kawai a tsaye, mai karatu shi zai zana musu kamanni a zuciyarsa. Bayan shekara biyu, a 1996, wani kamfani mai suna Leaf ya ɗauki wannan salo ya yi Shizuku, amma shi ya zana fuskokin, ya kuma sa wa jerin ayyukansa suna "visual novel". To kun ga, kalmar "visual" amsa ce ga kalmar "sound". Ma'anarta a lokacin ita ce: irin wancan abin da kuka sani na Chunsoft, amma namu ana ganin mutanen. Tushen duka biyun ɗaya ne, rubutu a allo da yatsan mai karatu. Wanda ya fassara kalmar kai tsaye ya ce "littafi mai hoto" ya tsallake wannan tarihi gaba ɗaya, shi ya sa yake zuba kowane abu a cikinta.

Su kansu Japanawa ba su cika amfani da kalmar yadda 'yan waje ke yi ba. Suna raba wanda rubutu ya rufe allo duka da wanda rubutun ke cikin ɗan akwati a ƙasa, na biyun sukan sa shi a layin gem ɗin kasada. A wajen Japan ne aka haɗe su a suna ɗaya.

Ruɗanin da ya fi damuna dai ba na rediyo ba ne, na masu karatun ne da kansu. Da yawa sun ɗauka abin da ya sa visual novel ta zama visual novel shi ne zaɓi: a kawo ka mararraba, a ce ka bi dama ko hagu, ka faɗi gaskiya ko ka ɓoye, kowane zaɓi ya kai ka ƙarshe daban. Gaskiya ne yawancinsu haka suke. Amma akwai wani reshe da babu zaɓi ko ɗaya a ciki, ana kiransa "kinetic novel", sunan da kamfanin Visual Arts ya ƙirƙira. A kan wannan reshe ne ake ta kai ruwa rana, kuma abin da nake karantawa ranar da ɗan yayata ya leƙo shi ne wanda aka fara sa wa wannan suna: planetarian, ɗan gajeren ƙagaggen labarin kimiyya da Key, wani sashe na Visual Arts, ya fitar a watan Nuwamba na 2004, Yuichi Suzumoto ya rubuta. An kawo shi Steam, kasuwar sayar da gem ta intanet, da Turanci a 2014, aka mai da shi zanen anime, wato fim ɗin katun irin na Japan, a 2016.

Labarin mutum biyu ne kusan daga farko har ƙarshe, ɗayan ma ba mutum ba ce. Yaƙi ya cinye duniya shekara 30 da suka wuce, ruwan sama mai guba ba ya ɗaukewa, injinan kisa na yawo a kangon birane. Wani ɗan bola-jari, wanda ba a faɗi sunansa ba, ya shiga wani birni da aka gudu aka bari yana neman abin sayarwa. Ya hau saman wani tsohon kanti, sai ya tarar da ɗakin kallon taurari, irin mai rufin ƙoƙo da ake haska sararin samaniya a cikinsa. A bakin ƙofa akwai mutum-mutumi mai siffar budurwa, sunanta Hoshino Yumemi, ma'aikaciyar wurin. Ba ta san an yi yaƙi ba. Wuta na zuwa ginin awa 168 kacal a shekara, mako guda ke nan, sai ta farka ta tsaya tana kiran baƙi su zo kallo, babu mai zuwa, ta koma barci sai baɗi. Da ta ga wannan mutum sai ta tarye shi a matsayin baƙo na 2,500,000, ta miƙa masa damin furanni da ta haɗa da tarkacen wayoyi da ƙwan lantarki. Majigin da ke haska taurarin ya lalace. Tana kiransa Jena, sunan garin nan na Jamus inda kamfanin Zeiss ya ƙera majigin taurari na farko a 1923. Ta roƙe shi ya gyara.

In ka bi ra'ayin waɗanda suka karanta shi, ƙorafi uku ne ke ta dawowa. Wasu su ce Yumemi ta cika surutu, tana maimaita magana ɗaya har ta gundure ka. Wasu su ce tun daga rabi sun san inda za a ƙare. Mafi yawa kuwa su ce wannan ba gem ba ne, me ya sa ba a yi shi fim ba tunda ba abin da mai karatu ke yi. A ɗaya gefen akwai waɗanda ba su iya cewa komai sai cewa sun yi kuka.

Na farko da na biyu magana ce ta ɗanɗano, ba na jayayya da kowa a kansu, ko da yake ni a ganina surutun da gangan aka yi shi. Ɗan bola-jarin ma gundura yake yi, yana daka mata tsawa ta yi shiru, kai ma kana danna layukanta da sauri don ta wuce, har ka wayi gari ka ga ka rage saurin ba tare da ka san lokacin da ka fara saurarenta ba. Ƙorafi na uku ne nake cewa kuskure ne, kuma akwai wuri ɗaya a labarin da ya isa hujja.

Bayan kwanaki yana fama, ya gyara majigin. Aka kashe fitilu, taurari suka cika rufin, Yumemi ta fara bayanin da ta yi shekara 30 tana jiran ta yi wa wani. Ana tsaka da haka wuta ta ɗauke, kuma ba dawowa za ta yi ba. Sai mutumin da bai taɓa ganin sama ba gajimare ba ya ce ta ci gaba da baki kawai, taurarin suna nan a kansa. Ta ci gaba a cikin duhu, tana ba da labarin yadda ɗan Adam ya ɗaga kai ya kalli sama har ya yi marmarin zuwa can. A nan na fi minti goma ban danna ba. Kiɗan yana ta juyawa, layi ɗaya yana tsaye a allo, ni kuma na san in na danna, na matsar da ita kusa da ƙarewar batirinta. Babu mararraba, babu dama ko hagu, amma yatsana ne ke tura labarin zuwa inda ba na so ya je. Na kalli zanen anime ɗin daga baya. An yi shi da kyau, sai dai wannan wuri ya zo ya wuce a lokacin da daraktan ya ƙayyade, ba wanda ya tambaye ni ko na shirya.

Za a ce ai akwai maɓallin da ke sa rubutun ya riƙa tafiya da kansa. Akwai, har da na tsallake abin da ka riga ka karanta, da na komawa baya ka sake duba layin da ya wuce. Duka a hannun mai karatu suke, shi zai kunna, shi zai kashe, shi zai ce ga saurin da yake so.

Sai batun gajarta, wanda shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Kalmar "nobel" tana sa mu tsammanin abu mai kauri, mu da muka saba da littafi na ɗaya, na biyu, na uku. A wannan fage da awa ake aunawa. Rumbun VNDB, inda ake tattara bayanan irin waɗannan ayyuka, yana kiran abin da bai kai awa 2 ba gajere ƙwarai, daga awa 2 zuwa 10 gajere, abin da ya haura awa 50 kuma dogo ƙwarai. Clannad, da Key ɗin dai ya fitar a shekarar 2004, yana cikin dogayen nan. Planetarian kuwa zaman yamma ɗaya ya ishe shi. Wanda ya zo da ma'aunin gem, yana raba kuɗin da ya biya da awannin da ya samu, dole ya ga an cuce shi. Tsarin kasuwar ma ya ƙara wa abin gishiri: tun 2015 Steam ke mayar wa mutum kuɗinsa in ya nema cikin kwana 14 kuma bai kai awa 2 yana amfani da abin ba. An yi dokar don kare mai saye, amma ga marubucin da labarinsa awa ɗaya da rabi ne, ma'anarta ita ce ana iya karanta aikinsa kaf, a yaba, a karɓe kuɗin. Wannan yana ba ni takaici, domin yana koya wa masu rubutu su riƙa jan labari kamar ƙosai a mai, ya kumbura ba don akwai abin faɗi ba. Labarin Yumemi da an ja shi awa 30 da ya mutu.

Ba raina bidiyon YouTube ɗin nan nake yi ba. Jikan karatun littafi ne a rediyo, wanda iyayenmu mata suka daɗe suna saurare suna aikin gida, kuma yana da masu so. A sama masa sunansa. Mu da muka karɓi "magic lantern" a bakin Turawa muka mai da shi majigi ba za mu rasa abin kiransa ba. Ita kuwa visual novel, in da za a tambaye ni, "labarin dannawa" zan ce, domin dannawar ce ƙashin bayanta.

Ɗan yayata ya karanta planetarian a ƙarshen makon nan. Har yanzu yana kan bakansa cewa ba gem ba ne, na kuma bar shi a haka. Amma washegari ya zo da tambaya: "Kawu, mutum ɗaya zai iya yin irin wannan?" Na nuna masa Ren'Py, manhajar kyauta da Tom Rothamel ya fara fitarwa a 2004, wadda dubban masu yin labarin dannawa ke aiki da ita, kuma abin da aka yi da ita yana buɗewa har a wayar Android. Damuwarsa ita ce ko haruffanmu masu lanƙwasa za su fito ko za su koma akwatuna, kamar yadda suke yi masa a wasu manhajoji. Ya rubuta layi ɗaya na gwaji, wata yarinya a ɗakin duhu tana cewa ɓera ya ƙwace mata fitila. Muka kunna, ɗ da ɓ da ƙ suka fito daram. Ya zauna yana tunanin abin da zai zo bayan an danna.